Turbar doki da kufan layin dogo: asalin hanyoyin keke marasa mota a Birtaniya

Idan mutum ya ɗauki taswirar hanyoyin keke ta Birtaniya ya bi sassan da aka nuna cewa mota ba ta shiga, ba zai yi nisa ba zai lura cewa mafi yawansu ko dai suna rakiyar wata hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen kaya, wato kanal, ko kuma suna kwance a kan kufan wani layin dogo da aka daɗe da kwashe ƙarafansa. Kaɗan ne ƙwarai aka zauna aka zana tun daga tushe domin mai keke. Sauran duk gado ne da aka ci daga doki da jirgin ƙasa, kuma wannan asalin shi ne ya sa suka zama shimfiɗaɗɗu, masu sanyin tafiya, nesa da ƙarar inji, shi ne kuma ya sa da yawa daga cikinsu suke da ƙunci, suke da caɓi a lokacin hunturu, suke kuma nufar wuraren da kwal ke zuwa a da maimakon wuraren da mutane ke son zuwa a yau. Wanda bai san wannan tarihi ba yakan ɗauka cewa duk hanyar da babu mota a kanta ta dace da keken tsere mai siririyar taya, kuma a nan ne yawancin ɓacin rai ke farawa.

Labarin ya soma ne da kwal. A shekarar 1761 aka buɗe kanal ɗin Bridgewater, wanda basaraken Bridgewater, Francis Egerton, ya sa aka haƙa da taimakon injiniya James Brindley domin kai kwal daga mahaƙarsa ta Worsley zuwa Manchester, kuma ba a daɗe ba farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi. Ganin wannan riba ya sa masu kuɗi suka shiga rububin haƙa, musamman a shekarun 1790, har hanyoyin ruwan ƙasar, kanal da kogunan da aka gyara, suka kai kimanin mil 4,000. Jiragen wancan zamani ba su da inji. Doki ne ke jan su da doguwar igiya yana tafe a bakin ruwa, kuma doki ɗaya yana iya jan kayan da suka kai tan 30 a kan ruwa, abin da ya ninka nauyin da zai iya ja a amalanke fiye da sau goma. Saboda dokin nan aka yi wa kowane kanal turba a gefe ɗaya, daidai faɗin da zai ishi dabba da mai kora ta. Wannan turba ce masu keke ke hawa a yau.

Shimfiɗuwarta kuwa daga ɗabi'ar ruwa ta samo asali. Ruwan kanal a kwance yake, ba ya gudu kamar na kogi, don haka tilas kowane sashe ya kasance a tsayi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Inda ƙasa ta tashi, injiniya yana da zaɓi uku: ya zagaye tudun, ya huda shi, ko ya gina matakalar ruwa, wato wani ɗaki mai ƙofa a kowane ƙarshe wanda ake cika shi ko a rage masa ruwa domin jirgi ya hau ko ya sauka. Brindley da almajiransa sun fi son zagaye domin ya fi arha, shi ya sa tsofaffin kanal irin na Oxford suke ta lanƙwasa a cikin gonaki, har mai keke ya yi ta taka feda na tsawon lokaci yana hango gini ɗaya daga kusurwoyi dabam-dabam. Waɗanda suka zo daga baya, irin su Thomas Telford, sun fi yarda da tsaga tudu da cike kwari domin hanya ta miƙe. Ko wanne aka bi, sakamakon ga mai keke ɗaya ne: babu hawa sai ɗan gajeren tudu a gefen kowace matakala.

Jirgin ƙasa ne ya karya kasuwar kanal, tun daga buɗe layin Liverpool zuwa Manchester a 1830. Kamfanonin jiragen ƙasa sun sayi kanal masu yawa suka bar su suna lalacewa. Misali kamfanin Great Western ya sayi kanal ɗin Kennet da Avon a 1852, shekara goma sha ɗaya bayan ya buɗe layinsa na Landan zuwa Bristol wanda ya kwashe wa kanal ɗin ciniki. A 1948 gwamnati ta karɓi mafi yawansu, sannan tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwa na makonni, ya kusa kawo ƙarshen jigilar kaya a ƙananan jirage. Abin da ya ceci hanyoyin shi ne ƙoƙarin masu sha'awa, waɗanda suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association a 1946 suka yi ta yashe laka da gyara ƙofofi da hannunsu. Tun daga 2012, wata ƙungiyar amintattu mai suna Canal & River Trust ce ke riƙe da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, Scotland kuma tana da tata hukumar dabam.

Shi kansa jirgin ƙasan bai tsira ba. A 1963 Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe kimanin mil 5,000 na layi da tashoshi fiye da 2,300, kuma an aiwatar da mafi yawan shawarar a cikin shekarun da suka biyo baya. Taya ta ƙarfe a kan dogo na ƙarfe ba ta iya hawan tudu mai tsini, don haka layukan da aka rufe sun bar wa ƙasar dubban mil na hanya mai sauƙin hawa, mai tushe na tsakuwa da ke tsane ruwa, da gadoji da ramukan ƙarƙashin dutse waɗanda babu wata ƙaramar hukuma da za ta iya gina irinsu a yau domin keke kawai.

A Bristol aka fara ganin amfanin wannan kufai da idon basira. A 1977 wasu mazauna birnin, ciki har da injiniya John Grimshaw, suka kafa ƙungiyar masu keke mai suna Cyclebag, wadda daga baya ta zama Sustrans. Daga 1979 zuwa 1986 suka mayar da tsohon layin da ke tsakanin Bristol da Bath hanyar keke da ƙafa mai tsawon kimanin mil 13, kuma 'yan sa-kai ne suka shimfiɗa sashen farko da shebur da baro. A 1995 ƙungiyar ta samu tallafin fiye da fam miliyan 40 daga asusun cacar ƙasa domin haɗa hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya, aka ƙaddamar da mil 5,000 a shekarar 2000, aka kai mil 10,000 a 2005. Alamarsu sananniya ce ga duk wanda ya taɓa yawo a karkarar Birtaniya: allo shuɗi mai hoton keke, da lambar hanya fara a cikin jan akwati.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya hana mai keke bin ƙananan titunan karkara, tunda Ingila tana da su birjik, kuma an shafe su da kwalta. Amsar tana cikin dokar gudu. A irin waɗannan tituna, matuƙar ba a kafa wata alama dabam ba, doka ta yarda mota ta yi mil 60 a awa, ko da kuwa titin bai fi faɗin mota ɗaya ba kuma shingen ƙaya ya rufe kowace kwana. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa fiye da rabin masu keke da ke mutuwa a haɗarin hanya a Birtaniya a titunan karkara suke mutuwa, alhali mafi yawan hawan keke a cikin gari ake yin sa. An gyara ƙa'idojin tuƙi a 2022, aka umarci direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninsa da mai keke idan zai wuce shi, amma umarni a takarda bai isa ya sa uwa ta saki ɗanta mai shekara tara a kan irin wannan titi ba. Hanyoyin cikin gona su ma ba duka ne a buɗe ba: a Ingila da Wales doka ta 1968 ta ba mai keke damar bin hanyoyin da aka ware wa mahaya doki, da sharaɗin ya kauce wa doki da mai tafiya a ƙafa, amma ba ta ba shi haƙƙin bin hanyoyin ƙafa zalla ba, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Scotland ce ta bambanta, domin dokarta ta 2003 ta buɗe mafi yawan filaye ga kowa, har da mai keke, muddin ya kiyaye haƙƙin wasu.

Yawan mil da aka tara da sauri ya ɓoye wata gaskiya, kuma abin yabo ne cewa ƙungiyar Sustrans da kanta ce ta tona ta. A binciken da ta fitar a 2018, lokacin da hanyoyin suka kai kimanin mil 16,500, ta amsa cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ba su da mota, sauran titunan mota ne da aka kafa wa shuɗin allo, kuma wani babban kaso daga cikinsu ba su kai matsayin da za a tura yaro ko sabon mahayi ba. A 2020 ta cire ko ta sauya matsayin kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tsawon ya koma ƙasa da mil 13,000, wanda kimanin mil 5,000 daga ciki ne marasa mota. A ganina wannan ragi ya fi ƙarin da aka yi ta yi a baya amfani, domin allon da ya kai iyali kan titin da manyan motoci ke gudu ya fi rashin allo cutarwa.

Yanzu sai a dubi turbar bakin kanal da idon wanda ya zo da keken titi. Abu na farko shi ne daɓen ƙasa. A cikin birane da kewayensu an shafe turba da yawa da kwalta ko da tsakuwa da aka haɗe da ƙaro, amma da zarar an fita karkara sai ta koma dakakken dutse da aka daddaɓe, daga nan ta koma ciyawa da wata siririyar hanya da ƙafafu suka fitar, wadda saiwoyin itatuwa suka ratsa kuma ruwan sama ke mayarwa taɓo daga kaka har zuwa bazara. Keken tsere yakan zo da taya mai faɗin milimita 25 zuwa 28 da aka cika da iska sosai, kuma irin wannan taya tana son daɓe mai santsi. A kan tsakuwa tana tsalle, a cikin laka tana zamewa, kuma zamewa a nan tana nufin faɗawa ruwa. Shi ya sa masu yawan bin turbar suka fi son taya mai faɗin milimita 35 ko fiye. Akwai kuma matsalar ƙaya. Shingen da ke raba turba da gonaki yawanci na wata ƙayar itaciya ne da aka dasa tun zamanin haƙa domin tare dabbobi, kuma duk lokacin da aka yi masa aski da inji sai ƙayoyi su watsu a ƙasa, mai keke ya yi faci biyu ko uku kafin ya kai garin gaba.

Abu na biyu shi ne gine-ginen da aka yi domin doki. A ƙarƙashin tsofaffin gadoji turba takan tsuke ta lanƙwasa, bakan gadar ya sauko har sai mahayi ya sunkuya, kuma ba ya ganin mai zuwa daga ɗaya ɓangaren sai sun yi kiciɓis. Wanda ya duba kusurwar irin waɗannan gadoji zai ga zurfafan zane da igiyar ja ta ci a jikin dutse ko ƙarfe cikin shekaru masu yawa. A gefen matakalai an jera bulo mai tudu-tudu domin kofaton doki ya samu abin kamawa, abin da ke girgiza keke yana kuma santsi idan ya jiƙe. Inda turba ta sauya gefe, an gina wasu gadoji masu murɗawa, irin waɗanda ake gani a kanal ɗin Macclesfield, domin doki ya haye ba tare da an kwance igiya ba. Suna da kyan gani, amma sai an sauka an tura keke. Ramukan ƙarƙashin dutse kuwa da yawa ba su da turba sam, domin masu haƙa sun ga cewa ƙara faɗin rami saboda doki asarar kuɗi ce. A ramin Standedge, wanda aka buɗe a 1811 kuma ya fi mil 3 tsawo, mutane ne ke kwanciya a kan jirgi suna tura bango da ƙafa, dokin kuma a bi da shi ta saman tsauni. Mai keke a yau hanyar dokin zai bi. Haka ma a tsakiyar Landan, inda kanal ɗin Regent's ya shige ƙarƙashin unguwar Islington, dole ne mahayi ya hau sama ya kutsa cikin motoci kafin ya sake samun bakin ruwa.

Abu na uku, wanda ya fi sauran jawo ce-ce-ku-ce, shi ne jama'a. Turbar da a wurare da yawa ba ta kai mita biyu ba tana ɗauke da masu yawo da karnuka, da masu gudu, da iyaye masu tura keken jarirai, da masu fatsa waɗanda dogayen sandunansu ke gitta hanya, da mazauna jirage waɗanda turbar ita ce ƙofar gidansu, igiyoyinsu kuma a nan suke ɗaure. Jagoran tsara hanyoyin keke da gwamnati ta fitar a 2020 ya ce hanyar da mai ƙafa da mai keke za su yi tarayya a kai bai kamata ta gaza mita uku ba, kuma turba kaɗan ce ta kai haka, ga ruwa a gefe ɗaya ga shinge a ɗaya gefen. A dokance ma, mafi yawan turbar ba hanyar jama'a ba ce da kowa ke da haƙƙi a kanta. Izini ne mai ita ya bayar. A da sai mai keke ya nemi takardar izini, yanzu an soke wannan, amma ƙa'idar Canal & River Trust a fili take cewa mai tafiya a ƙafa ne ke da fifiko, kuma wanda yake sauri ya nemi wata hanya. An taɓa yin gangami a Landan na koya wa mahaya su kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin su wuce mutum ko su shiga ƙarƙashin gada. Matsalar ita ce duk lokacin da aka gyara daɓe sai gudu ya ƙaru, ƙorafi ya ƙaru, har wasu masu tafiya a ƙafa da mazauna jirage suka koma adawa da shafa kwalta gaba ɗaya. Zuwan kekuna masu batir ya ƙara dagula lissafi: waɗanda doka ta amince da su injinsu ba ya wuce wat 250 kuma yana daina taimako a mil 15.5 a awa, amma ko wannan gudun ya yi yawa a turbar da yaro ke jefa wa agwagi abinci.

Kanal ɗin Kennet da Avon yana nuna alheri da iyakar abin a tafiya ɗaya. An kammala shi a 1810 ƙarƙashin injiniya John Rennie, ya mutu a tsakiyar ƙarni na ashirin, aka sake buɗe shi a 1990 bayan shekaru na aikin sa-kai. Hanyar keke ta ƙasa mai lamba 4, wadda ta taso daga Landan ta nufi yammacin Wales, tana bin turbarsa daga Bath zuwa Devizes, kimanin mil 22, ta haye gadojin ruwa na Dundas da Avoncliff, ta ratsa Bradford-on-Avon, sannan ta iso Caen Hill, inda matakalai 29 ke ɗaga jirgi ƙafa 237 a cikin mil biyu, 16 daga cikinsu a jere reras. Jirgi yakan kwashe awa biyar ko shida yana wannan hawa, mai keke kuwa mintoci kaɗan sun ishe shi. Amma daga Devizes zuwa gabas turbar ta koma ciyawa da rami, don haka hanya mai lamba 4 ta bar bakin ruwa ta koma ƙananan titunan kwarin Pewsey, ba ta dawo ba sai kusa da Newbury. A Scotland lamarin ya fi kyau ga siririyar taya, domin an daɓe mafi yawan turbar da ke haɗa Edinburgh da Glasgow, tafiyar fiye da mil 50 a gefen kanal ɗin Union na 1822 da na Forth da Clyde na 1790, waɗanda wata babbar na'urar ɗaga jirage ta haɗa a Falkirk tun 2002. Kanal ɗin Union ya bi tsayi ɗaya na kimanin mil 31, sai dai a kan dogayen gadojinsa na ruwa dole a sauka a tura.

Wanda yake son ya saki feda sosai, kufan layin dogo ya fi masa. Yana da faɗi, kwanarsa a buɗe take domin jirgin ƙasa ba ya juyawa farat ɗaya, kuma babu ruwa mai zurfi a gefe. A Cornwall akwai hanyar Camel mai kimanin mil 18 wadda ta taso daga Padstow a bakin teku ta bi ta Wadebridge da Bodmin. A Devon akwai sashen hanyar Tarka mai kimanin mil 30 daga Braunton zuwa Meeth, wanda aka shafe babban ɓangarensa da kwalta. A tsaunukan Peak District akwai hanyar Monsal, wadda aka buɗe ramukanta ga jama'a a 2011. A Bath kuma, tun 2013 masu keke ke ratsa ramin Combe Down na tsohon layin Somerset da Dorset, mai tsawon mita 1,672, wanda ya fi kowane ramin keke a ƙasar tsawo. Garuruwa irin su Wadebridge sun samu sabuwar sana'a ta hayar kekuna da sayar da abinci ga baƙi. Sai dai su ma waɗannan hanyoyi na tarayya ne, kuma a ranakun hutu hanyar Camel kan cika da yara masu koyon hawa har gudu ya gagara. Hanyar Bristol zuwa Bath ta zama titin zuwa aiki ga dubban mutane, cunkoson safe ya sa aka yi ta faɗaɗa sassanta na cikin gari. Akwai kuma barazanar cewa abin da aka ara daga sufuri sufuri zai iya neman kayansa: a 2008 an kawo shawarar bi da motocin bas ta wani sashen hanyar Bristol, zanga-zangar jama'a ce ta sa aka janye, kuma har yanzu akwai masu fafutukar a mayar da jirgin ƙasa kan hanyar Monsal.

Wani cikas da ba a cika lura da shi ba sai an gamu da shi shi ne shingayen ƙarfe da aka kafa a mashigai domin hana 'yan babur shiga. Matashin da ke da babur yakan samu wata kafa ya shige, amma mai keken guragu, da mai keke mai taya uku, da mai jan yara a ƙaramar amalanke su ne ke tsayawa cirko-cirko. Binciken 2018 ya ƙirga irin waɗannan shingaye kimanin 16,000 da ake son cirewa ko gyarawa, kuma aikin yana tafiyar hawainiya domin kowane ɗaya sai an shawo kan mai filin da maƙwabta.

Idan aka haye zuwa Faransa da Beljiyam sai a ga cewa girman jiragen da aka yi wa kanal shi ne ke yanke faɗin hanyar keke bayan ƙarni biyu. Jirgin kanal na tsakiyar Ingila bai wuce ƙafa bakwai a faɗi ba, alhali ma'aunin da Faransa ta kafa a 1879 ya tanadi jirage masu tsawon fiye da mita 38 da faɗin mita biyar, waɗanda daga baya a wasu wurare taraktoci ne ke jan su, don haka turbarsu ta fi faɗi da ƙarfi. Kanal ɗin Garonne, mai kimanin kilomita 190 daga Toulouse zuwa kusa da Bordeaux, yana da turba mai kwalta kusan daga farko har ƙarshe, kuma keken titi yana tafiya a kanta lafiya lau. Yankin Wallonie na Beljiyam ya kafa tsarin hanyoyi marasa mota mai suna RAVeL a 1995 a kan turbar kanal da kufan dogo, Sifaniya kuma ta fara nata shirin na tsofaffin layuka a 1993. Amma ko a Faransa, kanal ɗin Midi da aka buɗe a 1681, wanda ya fi kowanne suna, ya daɗe yana ba baƙi mamaki: kwalta daga Toulouse na kimanin kilomita 50, daga nan ƙasa da saiwoyi.

Aikin da ya rage a Birtaniya ya fi wanda aka yi wuya, domin an riga an cinye na sauƙi. Bayan rufe layukan dogo an sayar da filayensu gunduwa-gunduwa, aka gina gidaje a kan wasu, aka rushe gadoji, manoma suka haɗe wasu da gonakinsu, shi ya sa hanya mai kyau takan tafi mil biyar ta tsaya cak a bakin babban titi. Ƙungiyar da ke kula da hanyoyin keke na ƙasa ɗan ƙaramin kaso ne kawai ta mallaka; sauran na ƙananan hukumomi ne, da hukumomin ruwa da na daji, da ɗaiɗaikun masu gonaki, kuma mutum ɗaya da ya ƙi sayar da 'yar tsirin ƙasa yana iya tsayar da aiki shekara da shekaru. Ƙananan hukumomi suna da ikon karɓar fili da tilas su biya diyya, kuma sukan yi haka domin titin mota, amma ba kasafai suke yi domin hanyar keke ba.

Ta fuskar kanal kuwa, turba ba ita ce a sahun gaba wajen kashe kuɗi ba. Canal & River Trust tana ɗauke da madatsun ruwa da ganuwoyin ƙasa da gadoji da suka haura shekara 200, kuma idan ɗaya ya ɓalle rayuka ne ke cikin haɗari, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2019 lokacin da madatsar Toddbrook ta lalace bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe kimanin mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge. A 2023 gwamnati ta sanar cewa daga 2027 tallafin da take ba ƙungiyar zai riƙa raguwa kowace shekara har tsawon shekara goma. Mai jirgi yana biyan lasisi, mai fatsa yana biyan izini, mai keke da mai ƙafa ba sa biyan komai kai tsaye, don haka gyaran daɓen turba yakan jira kuɗin waje: na ƙaramar hukuma, ko na ma'aikatar sufuri, ko na kamfanin da ke gina gidaje a kusa wanda aka ɗora wa sharaɗin gyara. Kowane mai ba da kuɗi iyakar yankinsa yake gyarawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa a kanal da yawa kwalta ke ƙarewa daidai kan iyakar wata ƙaramar hukuma, laka ta karɓa daga nan har zuwa gari na gaba.